Tarihin Lasin Tuƙi a Ƙasar Dogon Daji da Kewayenta

Gabatarwa

Garin Dogon Daji yana cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Shagari da Tambuwal ta nufi Jega, daga can ta miƙe zuwa Yawuri da Kwantagora har ƙasar Yarbawa. Garin da ke bakin irin wannan hanya ba ya rabuwa da mota, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da direba ko ɗan kabu-kabu. Wannan maƙala za ta bi diddigin takardar da ke ba mutum izinin riƙa sitiyari, wato lasin tuƙi: yadda ta samo asali, hannuwan da ta bi, da abin da ta zama a yau.

Kafin Zuwan Mota

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, fatake suna ratsa wannan yanki da jakuna da raƙuma da takarkarai, musamman saboda kasuwar Jega da fataucin goro na Gwanja. A wancan zamani ma ba kowa ke jan ayari ba. Madugu sai ya daɗe yana bin wani madugun, ya san zango da mashaya da mafitar kogi, kafin attajirai su damƙa masa dukiyarsu da rayukan yaransu. Shaidarsa ita ce bakin mutanen da suka yi tafiya da shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin a kan wannan tsari ne sana'ar tuƙi ta ginu daga baya.

Zamanin Turawa da En'e

Dokar farko ta zirga-zirgar motoci an yi ta ne a 1913 domin Kudancin Nijeriya. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka fitar da wata a 1916 wadda ta game ƙasa baki ɗaya. Amma a Lardin Sakkwato mota ba ta yawaita ba sai da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan manyan motoci suka shiga kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa tashar jirgi, jaki da raƙumi suka fara ja da baya.

Dokar da ta kafa tsarin da aka daɗe ana bi ita ce wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1949. Ita ta tanadi rajistar mota, da duba lafiyarta, da gwada direba kafin a ba shi lasi. Ga mutumin Dogon Daji ko Kebbe, neman lasi tafiya ce ta musamman zuwa Sakkwato, hedikwatar lardi.

Kafin ya kai ga wannan tafiya, sai ya yi shekaru yana yaron mota, abin da ake kira karen mota. Shi ke wanke mota, ya ɗaura kaya, ya sa wa taya waigi a kan tudu, ya kwana a ƙarƙashinta yana gadi. Sannu a hankali maigidansa zai bar shi ya juya ta a tasha, sannan ya ba shi ita a hanyar da ba cunkoso. Ranar da maigida ya ce yaro ya isa, ranar ce ake shirin zuwa gwaji. Ashe ke nan direban wancan lokaci shaida biyu gare shi: ta maigida, wadda ke ɗaukar shekaru, da ta hukuma, wadda ake yi a yini ɗaya. Lasin kansa ɗan littafi ne mai hoton mai shi, ana sabunta shi idan wa'adinsa ya cika.

Zamanin Jihohi

A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, a 1976 kuma aka yi Jihar Sakkwato. Bayar da lasi ya zama aikin jiha, kuma hanyar samun kuɗin shiga. A tsakanin nan ne aka yi babban canjin da tsofaffin direbobi ba su manta ba: ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, domin ta dace da maƙwabtanta. Wannan ya sauƙaƙa wa masu ƙetarawa ta Illela zuwa Ƙonni, amma ya tilasta wa kowane direba sake koyon abin da hannunsa ya riga ya saba da shi.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya cika hanyoyi da motoci da babura, haɗurra kuma suka ƙaru. A nan raunin tsarin ya fito fili. Tun da kowace jiha nata lasin take bugawa, ba kuma wani kundi guda da ya tattara sunayen direbobi, mutum yana iya mallakar lasi biyu ko uku. Idan kotu ta karɓe ɗaya, sai ya ciro wani daga aljihu.

Lasi Ɗaya ga Ƙasa Ɗaya

Domin magance wannan, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a watan Fabrairu na 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. A 1990 aka fito da lasi iri ɗaya ga dukkan jihohi, kati ya maye gurbin littafi. Shekara guda bayan haka, a 1991, aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, Jega ta koma wata jiha, ƙasar Tambuwal ta zama bakin iyaka. Da ba don lasin bai-ɗaya ba, da direban da ke jigila tsakanin kasuwannin nan ya riƙa yawo tsakanin hukumomi biyu masu takardu daban-daban.

A watan Satumba na 2011 aka ƙaddamar da sabon lasi mai ɗauke da hoton yatsu. Aikin ya rabu tsakanin hukumomi uku. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓar kuɗi ta kuma miƙa katin. Jami'an duba motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke gwada mai nema. FRSC kuma ta ɗauki hotonsa da yatsunsa, ta adana bayanansa, ta buga katin. Sabon mai nema sai ya cika shekara 18, ya kuma fito daga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita. A lokacin, akan ba shi takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito. Daga ƙarshen 2020 aka wajabta haɗawa da lambar shaidar ɗan ƙasa. A farashin da aka sanar a 2025, lasin mota na shekara uku Naira 15,000 ne, na shekara biyar kuma Naira 21,000.

Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Babu shakka sabon tsari ya toshe ƙofar tara lasi barkatai. Sai dai ya zo da nasa nauyin ga mutumin karkara. Dole ya je da kansa inda na'ura take, ya bar aikin yini, wani lokaci ya tarar babu wuta ko intanet, ya sake dawowa. Wannan wahala ce ke tura wasu hannun 'yan kamasho masu cewa a kawo kuɗi da hoto kawai. Da yawa ba su gane katin jabu aka ba su ba sai ranar sabuntawa, idan aka nemi sunansu a kwamfuta aka rasa.

Babbar asarar kuwa ita ce ta shaidar maigida. Yau matashi kan koyi babur cikin mako guda ya fara ɗaukar fasinja, ba wanda ya ce ya isa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma duk katin da aka samu ba tare da gwaji ba, fasinja ne ke biyan bashinsa a kan hanya.

Kammalawa

Daga madugu zuwa kwamfuta, tambayar ba ta canza ba: wa ya shaida cewa wannan mutum ya isa a ba shi amanar rayuka? Yana da kyau shugabannin tasha da iyayen ƙasa su mayar da wannan tambaya bakin matasa. Haka kuma ana roƙon iyalan tsofaffin direbobi na Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe da su adana littattafan lasin iyayensu, kada gara ta cinye su, domin a cikinsu akwai sunaye da shekaru da hatiman da masu binciken tarihin sufuri a wannan yanki za su buƙata.