Kifin Kongo da Hurumin Ruwa

Wanda duk ya bi ta Kongo bayan sallar magariba, a gefen Tudun Wadan Zariya, ya ga mai suya ta ɗora kasko a kan murhu, tana tsamo yankan kifi daga mai tana barbaɗa masa yaji, ɗaliban shari'a da na aikin mulki sun kewaye ta, da wuya ya raya a ransa cewa wannan kifi bai taɓa shan ruwan Galma ko Kubanni ba. Titus ne, ko shawa, ko kote, wanda aka kamo a tekun Atilantika, aka daskarar da shi cikin jirgi, aka sauke a Legas, sa'an nan mota ta hauro da shi cikin kwali har Zazzau.

A da kuwa, tun kafin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da bakin teku a 1912, abin da ake ci shi ne abin da masunta suka samo da koma da taru da birgi, wato tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, sai kuma banda da fatake ke kawowa daga manyan ruwaye. Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin tarihin wannan sana'a shi ne hurumi. Malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa kifin kogi mubahi ne, mallakar wanda ya riga kama shi. To amma mutanen da, da yake sun lura cewa abin da ba shi da mai shi kowa gaggawar ƙarar da shi yake yi, sai suka ɗora al'amarin a hannun Sarkin Ruwa, wanda ke da ikon rufe gurbi watanni, kada kowa ya jefa ko fatsa, har kifi ya hayayyafa ya yi girma, ruwa ya ja baya, sa'an nan a sa rana a faɗa gaba ɗaya. Shahararren misali shi ne gurbin Matan Fada a Argungu, inda bikin su ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Masu kallo dubban goruna kawai suke gani a kan ruwa, alhali giwar ruwan da ake cin gasa da ita haƙurin hurumi ne ya rene ta.

Ma'abota manyan jirage ba su gane wannan maslaha ba sai da suka sha wuya. Ƙarnuka da dama ana ɗaukar teku tamkar taskar da ba ta ƙarewa, kowace ƙasa tana ƙara girman jirgi da tsawon taru, domin kowa ya san kifin da ya bari yau maƙwabcinsa ne zai kwashe gobe, har riba ta narke cikin kuɗin mai da na jirage, kifi kuma yana raguwa. A 1982 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta dokar teku, wadda ta ba kowace ƙasa iko da albarkatun ruwa har mil 200 na teku daga gaɓarta. Ko hakan bai wadatar ba, gama a watan Yuli na 1992 sai da Kanada ta haramta kamun kifin kwad a Niyufanlan, bayan ya kusa ƙarewa ƙaf, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi. Daga irin wannan masifa ƙasashe suka ƙara tsananta ƙayyade nauyin da za a kama kowace shekara, da faɗin idon taru, da watannin hutu, wato dai hurumi ne da alƙalami da ma'auni.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, sa'ad da su suke koyon rufe ruwa, mu a nan muna kwance namu ƙullin. Ikon Sarkin Ruwa ya raunana, taru mai ƙananan idanu ya shigo yana kwashe har 'ya'yan kifi, wasu marasa tsoron Allah suka riƙa zuba maganin ƙwari na Gamalin a gurbi, Kubanni kuwa, wadda ke ratsa garin kafin ta faɗa Galma, ta zama matattarar shara da ruwan kwata.

Shi ya sa muka dogara ga kifin waje, har farashin kwali a Tudun Wada yake bin canjin dala da adadin da aka yarje wa jiragen Nowe da Holan su kama. Ran da ya hau, mai suya ba ta ƙara kuɗi, domin ta san aljihun ɗalibai. Sai dai ta matsar da wuƙa, kifin da take yankawa uku ya koma huɗu.