Saƙo Ɗaya, Isowa Biyu: Raunin Gwajin Karɓar Aiki a Manhajoji Marasa Sabar

Tsakure

Maƙalar ta nazarci gwajin karɓar aiki mai gudanar da kansa a manhajojin da aka ɗora kan AWS Lambda. Ta nuna cewa duk gwajin da ya tsaya da zarar ya ga sakamakon farko bai isa shaidar cewa manhaja ta cika abin da aka yi alƙawari ba.

1.0 Gabatarwa

Tun da Amazon ya sanar da Lambda a Nuwamba 2014, mai rubuta manhaja ya huta da kula da sabar. Ƙananan ayyuka yake rubutawa, wani abu ya faru ya tashe su, su yi nasu (ba su wuce minti 15) su kwanta. Sabar dai tana nan, hannunsa ne kawai ba ya kai gare ta.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Mike Cohn, a littafinsa na 2009, ya siffanta gwaji da dala: gwajin ƙananan sassa ya cika gindi, na tsarin gaba ɗaya ya zama ɗan kaɗan a ƙoli. A manhajoji marasa sabar dalar ba ta zauna ba, domin kuskure ba kasafai yake cikin ɗan aikin ba. Yana ɓuya ne a izinin IAM da saitin layin saƙonni. Da Martin Fowler muka fi saɓani. A maƙalarsa ta 2011 kan gwaje-gwajen da ba su da tabbas, ya hana sa gwaji ya yi barci na ƙayyadadden lokaci, ya ce a riƙa leƙawa har amsa ta zo. Shawara ce mai kyau, amma da saura.

3.0 Dabarun Bincike

An bi takardun AWS kan Lambda da SQS (layin saƙonni) da DynamoDB (rumbun bayanai), aka auna su da misalin manhajar oda: saƙo ya shiga layi, ɗan aiki ya ɗauka, ya cire kuɗi, ya rubuta a rumbu.

4.0 Sakamako

Layin SQS na yau da kullum alƙawarinsa shi ne saƙo zai iso aƙalla sau ɗaya. Bai ce sau ɗaya tak ba. Lambda kuma a asalin saitinsa yakan kwaso saƙonni har 10 a tare, kuma idan ba a sauya saitin ba, ɗaya ya gaza sai duk goman su koma layi. Wato oda tara da aka riga aka cire wa kuɗi za su sake dawowa, kifi ɗaya ya ɓata kwando.

Yaushe za su dawo? Sai lokacin da layi ke ɓoye saƙon da aka ɗauka ya ƙare, wanda asalin saitinsa daƙiƙa 30 ne. A nan shawarar Fowler ta gaza. Gwajin da ke leƙawa zai tarar da odar a rumbu cikin ɗan lokaci, ya ce an ci, ya rufe. Cirewa ta biyu tana zuwa ne bayan mai gadi ya tashi. Leƙe na iya tabbatar da abu ya faru. Ba ya iya tabbatar da cewa bai sake faruwa ba.

Saboda haka gwajin karɓa na gaskiya sai ya cusa gurɓataccen saƙo cikin goman da gangan, ya jira lokacin ɓoyewa ya wuce, sannan ya ƙirga sau nawa aka cire kuɗin kowace oda. Manhajar da ke rubutu a DynamoDB kafin ta cire kuɗi, bisa sharaɗin cewa lambar odar ba ta riga ta shiga ba, za ta tsallake. Gwajin zai yi jinkiri, kuma masu aiki ba sa son jinkiri, amma ana iya rage lokacin ɓoyewa a wurin gwaji.

5.0 Iyakokin Bincike

Gaskiya ne nazarin ya tsaya kan AWS, bai taɓa Azure Functions ko Google Cloud Functions ba, kuma misali ɗaya aka bi. Wani nau'in layin SQS, wato FIFO, yana tace saƙon da aka turo sau biyu cikin minti 5, sai dai wannan tacewa ba ta hana saƙon da ya gaza komawa hannun ɗan aiki.