Tsohon doki a wasannin hunturu na kudancin Katsina

Wasannin dawaki na hunturu su ne sukuwa, kilisa da hawa iri-iri da masu dawaki ke yi bayan kaka, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, a yankin Funtua da Malumfashi na kudancin Jihar Katsina, Najeriya. Akasarin masu shiga waɗannan wasanni sha'awa ce ke kawo su: manoma ne, 'yan kasuwa, ma'aikata da 'ya'yan gidajen sarauta. Da yake doki dabba ne mai tsadar saye da tsadar riƙo, yakan daɗe a hannun mai shi har ya tsufa ana hawansa. Likitocin dabbobi kan fara lissafa doki cikin tsofaffi daga shekara 15 zuwa 20, kuma dokin da ya samu kulawa yana iya kai shekara 25 zuwa 30 a duniya.

Yanki da lokaci

Funtua da Malumfashi suna cikin ɓangaren da ya fi samun ruwan sama a Jihar Katsina, kuma an san su da noman masara, dawa, auduga, waken soya da wake. Dukkansu suna ƙarƙashin Masarautar Katsina. Sarkin Maska shi ne hakimin Funtua, Galadiman Katsina shi ne hakimin Malumfashi, Makaman Katsina kuma yana Bakori, a tsakaninsu. Gidajen hakimai da na dagatai su ne suka fi riƙe dawaki a yankin tun da.

Hunturu ya zama lokacin wasa saboda dalilai na noma. An kwashe amfanin gona, filaye sun buɗe, manomi ya sayar da masara da auduga, harawa da dusa sun wadata. A wannan tsakanin ne bukukuwan aure ke yawaita, tare da hawan angwanci. Hawan Sallah kuwa yana bin kalandar Hijira, wadda ke ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wani zubin yakan faɗo cikin sanyi, wani zubin cikin zafi ko damina. Babbar Sallah ta faɗo a Disamba a 2007 da 2008.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa doki abin yaƙi ne da alamar mulki a ƙasar Hausa. Sarautar Shamaki ta samo asali ne daga kula da bargar sarki. Bayan an daina yaƙe-yaƙe a farkon ƙarni na 20, aikin doki ya koma na hawa da wasa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan ƙwallon doki a Katsina, kuma ya shahara da son dawaki. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, yana cikin fitattun 'yan wasan ƙwallon doki da aka taɓa yi a Najeriya. Har yanzu hakiman kudancin masarautar kan kai dawakinsu birnin Katsina domin hawan Sallah.

Ire-iren wasannin

Sukuwa ita ce tseren dawaki da gudu mai ƙarfi a fili. Ita ta fi wahalar da zuciya, huhu da ƙafafun doki. Akwai dawakin gida da ake kira 'yan Arewa, akwai kuma 'yan Sudan waɗanda suka fi su tsayi.

Kilisa fita ce da doki, galibi da yamma, domin motsa masa jiki da nishaɗin mahayi. Matasa kan yi ta rukuni-rukuni.

Hawan angwanci rakiyar ango ce a kan dawaki cikin ado, da kiɗa da bushe-bushe. Hawan naɗin sarauta ma haka yake, sai dai ya fi shi taro.

Jafi gaisuwa ce ta mahaya: su sako dawaki da gudu su ja linzami gab da sarki ko hakimi. Tsayawar da doki ke yi farat ɗaya tana ɗora nauyi mai yawa a kan ƙafafunsa na baya.

Gane shekarun doki

Da wuya a samu takardar haihuwar doki a kasuwa, saboda haka haƙora ake dubawa. Duƙushi yana famfarar haƙoran gaba na tsakiya yana da shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. A shekara 5 bakinsa ya cika. Wajen shekara 10 wani tsagi mai duhu kan ɓullo a haƙorin gefe na sama daga wajen dasashi. Yakan kai rabin haƙorin a shekara 15, ya kai ƙarshensa a shekara 20. Haƙoran tsohon doki sukan yi tsawo su karkata gaba. Sauran alamomin su ne furfura a fuska, rami a saman ido, da lotsawar baya. Wannan lissafi kintace ne, domin irin abincin da doki ke ci yana canja yadda haƙoransa ke cinyewa.

Abin da ya sa ake riƙe tsohon doki

Hausawa na cewa tsohon doki mai wayo. Dokin da ya shekara goma yana fita hawa ya saba da ƙarar bindiga, da tambari, da algaita, da cinkoson jama'a. Ba ya firgita da babur ko mota, ya san linzami, ya san inda ake tsayawa. Shi ake ɗora wa ango wanda bai taɓa hawa ba, da yara masu koyo, da dattijon da ke sanye da rawani da alkyabba. Sabon ingarma ya fi shi gudu, amma a tsakiyar taro yana iya yin tutsu ya kayar da mahayi ko ya tattake 'yan kallo. Akwai kuma batun kuɗi da shaƙuwa: maye gurbin doki mai horo yana cin kuɗi da shekaru.

Matsalolin hunturu

Ƙura. Iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi daga Sahara. Idan ta haɗu da ƙurar busasshiyar harawa takan jawo tari da majina, kuma tsohon doki ya fi saurin kamuwa da ciwon numfashi mai daɗewa. Cututtukan numfashi masu yaɗuwa ma kan bi tarukan dabbobi. A farkon 2019 an samu ɓarkewar murar dawaki a Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, wadda ta kashe jakuna masu yawa.

Sanyi. Da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, da rana kuma ya haura 30. Gaɓoɓin tsohon doki sukan sandare idan ya kwana a turke cikin sanyi. Fitar da shi da gudu bai ɗumama ba yana jawo targaɗe da ciwon jijiya.

Taurin ƙasa. Ƙasar laka ta gonakin auduga takan bushe ta yi tauri ta tsattsage. Kunyoyi da kututturan karan masara da aka bari a gona suna sa tuntuɓe. Bushewar iska kuma tana tsaga kofato, ga shi mafi yawan dawakin gida ba a sa musu takalmin ƙarfe.

Ƙarancin shan ruwa. Doki na buƙatar lita 20 zuwa 40 na ruwa a rana, fiye da haka idan ya yi aiki. Cikin sanyi yakan rage sha a daidai lokacin da abincinsa ya koma busasshe. Wannan yana cushe hanji ya kawo ciwon ciki, wanda yake cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki, domin doki ba ya iya amai. Alamominsa su ne ƙin cin abinci, tonon ƙasa da ƙafar gaba, waiwayen ciki, birgima da rashin kashi. Irin wannan hali na buƙatar likitan dabbobi nan take.

Ciyarwa

Abincin doki a yankin shi ne harawar wake da ta gyaɗa, ingirici, dusar masara ko ta dawa, da tsabar gero ko dawa. A al'ada ana jiƙa masa kanwa a ruwa ko a dusa. Ƙa'idar likitoci ita ce doki ya ci busasshiyar ciyawa mai nauyin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa kullum, wato kilo 5 zuwa 7 ga dokin da ya kai kilo 350.

Tsohon doki ba ya tauna da kyau. Idan ana ganin tsabar hatsi a kashinsa, ko yana zubar da curin ciyawa daga baki, turamen haƙoransa sun cinye ko sun yi kaifi, sai likita ya goge su. Ana jiƙa masa dusa, a ɓarza hatsi, a yayyafa wa harawa ruwa don kwantar da ƙura, a raba abincin sau uku ko huɗu a rana. Ruwa mai ɗan ɗumi da gishiri kaɗan suna sa ya ƙara sha. Cika shi da hatsi kwana biyu kafin wasa don ya yi ƙarfi yana iya jawo ciwon ciki ko kumburin cikin kofato. Harawar da ta yi hunhuna ba a ba doki ita.

Shiri da ranar wasa

Dokin da ya huta duk damina yana buƙatar mako 6 zuwa 8 na kilisa, ana ƙara nisa da sauri a hankali, kafin a kai shi sukuwa. Ranar wasa ana fara jan sa da tafiya na minti 15 zuwa 20, sannan sassarfa. Da yake bayansa ya lotsa, ana ƙara shimfiɗa a ƙarƙashin sirdi, a rage nauyin kayan ado. Bayan gudu ana zagayawa da shi har numfashinsa ya daidaita, a goge gumin, a rufe shi da bargo idan yamma ta yi.

Zuciyar doki mai hutawa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. A gasar doguwar tafiya ta ƙasa da ƙasa ba a barin doki ya ci gaba sai bugun ya sauko zuwa 64. Mai doki na iya yin wannan awo da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi.

Lokacin sauke doki daga sukuwa

Alamomin da ke nuna gudu ya fi ƙarfin doki su ne ɗingishin da ba ya wucewa bayan ya ɗumama, yawan tuntuɓe, kumburin ƙafa washegarin wasa, tari lokacin aiki, da rama duk da yana cin abinci. Irin wannan doki akan cire shi daga sukuwa da jafi, a bar masa kilisa, hawan angwanci da koyar da yara, waɗanda zai iya yi na wasu shekaru. Ɗaure shi a turke ba motsi yana ƙara sandarar da gaɓoɓinsa. Kusancin Funtua da Zariya yana ba masu dawaki damar zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

A wasu ƙasashe

A Turai akwai gasar dawaki mai matakai uku: nuna horo a fili, gudu a daji ana tsallake shingaye da ruwa, da tsallen sanduna. Tana cikin wasannin Olamfik tun 1912. A Birtaniya kakarta na gudana daga Maris zuwa Oktoba, masu sha'awa kuma kan koma filaye masu shimfiɗar yashi a lokacin sanyi. Tsofaffin dawaki suna taka rawa a wannan gasa, domin gogewa tana da muhimmanci a cikinta. Doki mai suna Lenamore ya lashe gasar Burghley ta Ingila a 2010 yana da shekara 17, da Caroline Powell 'yar ƙasar New Zealand a kansa.

Kalmomi

Ingarma shi ne ƙaƙƙarfan doki namiji, kuma maza ake hawa a bukukuwa. Goɗiya ita ce mace, duƙushi ɗan doki, ƙuru kuma ƙaramin doki gajere. Ta fuskar launi akwai akawal, kili, danda, hurde, bidi da gunya. Kayan hawa sun haɗa da sirdi, linzami, ragama, likkafa, majayi da ƙaimi.