Tarihin Horar da Ma'aikatan Jinya a Tasawa da Mayahi

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, ma'aikacin jinya ne ke ɗauke da yawancin aikin lafiya. Saboda ƙarancin likitoci, shi ke duba marar lafiya, ya rubuta magani, ya yanke shawarar tura shi asibitin gunduma. Takardar shaidar da yake riƙe da ita ce ke nuna iyakar abin da hannunsa zai taɓa.

Zamanin Faransa. A 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar, wadda ta horar da mataimakan likitoci da ungozomomi domin yankin Afirka ta Yamma. Yawancin masu jinya a Nijar kuwa a bakin aiki suka koya, wajen allurar rigakafi da ɗaurin miki, ƙarƙashin likitocin soja.

Bayan 1960. Da ƙasa ta samu 'yancin kai, aka kafa makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP a Yamai, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Damouré Zika, ma'aikacin jinya kuma ɗan fim. Daga baya aka buɗe makarantar ENICAS a Damagaram, wadda ta fi kusa da 'yan Tasawa da Mayahi. Matakai biyu suka kafu: mai BEPC, wato takardar kammala koleji, ya samu ƙaramar shaida, wanda ya yi zurfi ya samu difloma ta ƙasa, IDE. Mai IDE ne galibi ake naɗawa majo, wato shugaban cibiyar lafiya ta CSI.

Shekarun 2000. Shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, aka damƙa su ga masu gajeren horo. Yunwar 2005 ta cika gidajen tamowa da yara, masu jinya suka ƙware wajen auna damtsen yaro da ba shi madara ta tiyon hanci. A 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, sai aiki ya ƙaru a asibitocin gunduma.

Yau. Mai BEPC na karatun shekara 3 ya zama ƙaramin ma'aikacin lafiya, wato ASB, mai bakaloriya kuma ya yi lasisi. Wanda ke son aikin asibiti yakan ƙara karatu a fannin sa barci ko taimaka wa mai tiyata. Wannan zaɓi na da nauyi, domin ko da likita na nan, ba a yi wa mai naƙuda tiyata sai da ƙwararren mai sa barci.