Manyan Damagaram: Wa Ke Naɗa Su, Wa Suke Wa Aiki?

Duk inda jama'a ta taru ta kafa gari, za a sami wasu ƴan tsiraru da ke riƙe da ragama: masu sarauta, masu ilimi da masu dukiya. Tarihin Damagaram daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau ya nuna cewa halin waɗannan manya yakan bi hanyar da suka samo ikonsu. Wanda ya san cewa kujerarsa na hannun mutanen ƙasa yakan saurare su. Wanda aka naɗa daga nesa kuwa, can nesa yake kai kunnensa.

A zamanin Sarki Tanimun ɗan Suleman, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har aka riƙa ƙera igwa a cikin gari. Ko da yake ƙasar na ƙarƙashin inuwar Barno, tana aika gaisuwa Kukawa, Tanimun ya yi sarauta kamar wanda ba shi da na gaba. Amma ƙarfin nan ya tsayu bisa rukunoni da yawa. Akwai ƴaƴan sarauta da ke riƙe da garuruwa. Akwai bayin sarki da ya ɗaukaka ya ba su muƙamai da runduna, don ya rage kaifin danginsa masu hangen gado. Akwai malamai masu shari'a da addu'a. Akwai kuma attajiran Zango, Abzinawa da Larabawan Gadamus da Tarabulus, waɗanda ta hannunsu bindiga da albarushi ke shigowa. Kowane rukuni na da abin da sarki ke buƙata, saboda haka kowane na da bakin magana a fada.

Kada mu yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Arzikin fada ya dogara ƙwarai ga cinikin bayi, kuma hare-haren kamun bayi ba su tsaya ga ƙasashen abokan gaba ba, sun shafi ƙauyukan da ke biyan haraji ga Zinder kanta. Manya suna taka wa juna burki, amma talaka da bawa ba su da wakili a wannan ciniki, sai dai gudun hijira idan zalunci ya yi yawa.

Zuwan Faransawa ya sauya tushen abin baki ɗaya. A watan Mayu na 1898 aka kashe kaftin Kazamaju a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ranar 30 ga Yuli 1899 sojan Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, ba da daɗewa ba aka kashe sarkin, aka naɗa Amadu ɗan Basa. Tun daga nan, rawanin sarki ya koma hannun kwamandan. A 1906 Turawa suka zargi sarkin da ƙulla makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi zaman dole a Kwaddibuwa, suka danƙa riƙon gari ga Ballama, wani bawan fada. Sai a 1923 aka mai da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa. Sarakuna suka zama masu karɓar haraji da tara mutane don aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder zuwa Yamai, abin da ya nisanta manyan Damagaram daga inda ake yanke shawara.

Mulkin mallaka ya haifi wani sabon rukuni, wato ƴan boko: malaman makaranta, tafintoci da akawuna. Jori Hamani da Jibo Bakari duka sun yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, kuma daga aji suka shiga siyasa. Sai dai ilimin boko bai isa ya kawo ƙuri'ar ƙauye ba. Jibo Bakari ya hau shugabancin gwamnati a 1957 bayan ya haɗa kai da jam'iyyar da sarakuna ke goyon baya. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta kira jama'a su ce a'a ga shirin Janar Dagol. Hukumar mulkin mallaka ta matsa, yawancin sarakuna suka janye, “i” ta yi rinjaye da fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, alhali mafi yawan masu rajista ba su fito ba. A 1959 aka haramta Sawaba. Shawarar ƴan mutane kaɗan ta taimaka wajen zaɓa wa ƙasa hanyar da ta bi zuwa ƴancin kai na 1960.

Bayan ƴancin kai, ƴaƴan Damagaram sun taka rawa a manyan lokuta. André Salifou, masanin tarihin da ya rubuta littafi kan daular Damagaram ta ƙarni na 19, shi ya shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991. Mahamman Usman ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1993. Amma tsohuwar al'adar kwamandan ba ta gushe ba: a 2001 gwamnati ta tuɓe Sarki Abubakar Sanda, ya dawo kan gado a 2011. Rawanin da ke fada har yanzu yana jiran sa hannun hukuma.

Mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, muna cikin wannan labari, domin mu ma manya ne a idon ƙauyen da ya aiko mu makaranta. Idan muka koyar da tarihi a matsayin jerin sunayen sarakuna da kirarinsu, mun ɓoye wa yara rabin gaskiya. Ya kamata ɗalibi ya saba da yin tambayoyi uku game da kowane babba, sarki ne, alhaji ne ko ɗan majalisa: wa ya ɗora shi, daga ina dukiyarsa take, kuma wa ke da ikon ce masa ya isa. Yaron da ya iya yin waɗannan tambayoyi kan Tanimun da Ballama zai iya yin su kan masu mulkin zamaninsa, zai kuma iya yin su kan malaminsa.