Dusashewar jakar ido bayan aikin yanar ido

Dusashewar jakar ido wani canji ne da ke faruwa a cikin ido bayan an yi aikin yanar ido an dasa ruwan tabarau na roba. A aikin, likita yakan cire ruwan tabarau na halitta da ya yi fari, ya bar siririyar jakar da ke riƙe shi don a sa na robar a ciki. Harold Ridley ne ya fara irin wannan dashe a Landan a shekarar 1949.

Duk ƙwarewar likita, wasu ƙwayoyin halitta sukan saura a jikin jakar. Bayan watanni ko shekaru sai su hayayyafa, su bazu zuwa bangonta na baya. Wasu su kumbura su taru kamar ƙananan duwatsun ado, wasu kuma su zama tabo mai tauri da ke tattare jakar ta yi yamutsi. Daga nan mutum sai ya fara gani dishi-dishi, hasken fitilar mota ya riƙa kashe masa ido da dare, har ya zaci yanar ce ta dawo. Abin ya fi saurin samun yara ƙanana. Ruwan tabarau mai kaifin gefe yana rage shi, domin gefen yana tare ƙwayoyin.

Ana magance shi da na'urar leza ta YAG, wadda ke huda ƙaramar ƙofa a tsakiyar jakar cikin 'yan mintuna, ba tare da yanka ba.