Zakaran Baƙo da Lissafin Akurki

Asalin kaza daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, kuma ta daɗe da zama 'yar gida a Afirka ta Yamma. An tono ƙasusuwanta a tsohon garin Jenne-jeno na ƙasar Mali, Ibn Battuta kuma da ya ratsa Mali a 1352 ya ambaci matan ƙauye suna kawo wa matafiya kaji da nono da gero na sayarwa. Tun wancan zamani mai kiwo yake fama da lissafi guda: in kaza ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, kusan rabin 'yan tsakin maza ne, alhali zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Sauran ba su ƙwai, ba su reno, sai cin tsaba da faɗa da juna. A kan wannan rarar aka gina al'adar cin kaza a ƙasar Hausa.

Dubi lokutan da ake yanka. Baƙo mai daraja ya sauka, ko Sallah ƙarama ta zo, ko daren cika-ciki na watan Muharram, ko an yi haihuwa ana son romo mai yaji ga mai jego. Duk a nan wanda yara ke kora a tsakar gida har su rutsa shi bayan rumbu zakara ne. Sagara da uwar kaji ba a taɓa su sai dole, domin su ne jari, kuma galibi jarin matar gida ne, wadda da kuɗin kaji take haɗa na akuya. Maigida ya yanka, mata su tsoma a ruwan zafi su fige, a babbake sauran gashin a bakin murhu. Ga kuma annobar da kan biyo hunturu ta share akurki cikin 'yan kwanaki, wadda ta koya wa mutane su rage zakaru tun kafin sanyi ya shigo, ko a tukunya ko a kasuwar mako. Sabo da kaza ba ya hana yanka, balle zakaran da bai da aikin yi.

Wani zai ce wannan magana ta rage darajar karamci, ta mai da shi rowa mai wayo. Ba haka ba ne. Gidan da ba ya ganin nama sai jefi-jefi, in ya ba baƙo zakaran da ya yi wata shida ko fiye yana kiwo, ya ba da abu mai tsada. Abin da lissafin ya yi kawai shi ne ya sa kyautar ta yiwu kowace shekara ba tare da akurki ya mutu ba. Wani kuma zai ce naman zakara tauri ne da shi. Gaskiya ne, kuma girkin ya san da haka. Shi ya sa ake barinsa ya daɗe a wuta kaɗan-kaɗan da albasa, citta, masoro, kanumfari da daddawa, har jijiya ta narke romo ya yi kauri, ko a dafa shi liƙis a daka a soya ya zama dambu. Naman da ya sha yawo shi ke jure wannan wuta.

Abin da ya rusa lissafin daga Amurka ya taso. A 1923 wata mata, Cecile Steele ta jihar Delaware, ta yi odar 'yan tsaki 50 aka kawo mata 500, ta kiwata su don nama, sana'ar kajin nama ta kafu. A wancan zamanin ne kuma masana a Japan suka gano yadda ake bambance namiji da mace tun ranar ƙyanƙyasa, sai gidajen gonar ƙwai suka shiga hallaka mazan nan take, abin da Jamus ta haramta daga 2022. Kajin gidan gona da ke isa yanka cikin mako shida zuwa takwas sun cika kasuwannin Kano da Zariya, sun kuma fi araha in aka auna nama. Duk da haka gab da Sallah zakaran Hausa ne ke tsada a hannun dillalai, kuma masu ƙyanƙyasa a Nijeriya na sayar da mazan kajin ƙwai da sauƙi ga mata, su sake su a tsakar gida har su yi cara.